Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Gurasar da Rana ta Gasa

A makon jiya na tsaya a daidai dawowarmu daga asibiti, ranar da aka tabbatar wa maigidana Malam cewa ciwon kai da jirin da suka riƙa kama shi a gona hawan jini ne. An ba shi ƙwayoyin da zai riƙa sha kullum, ni kuma da nake riƙe da tukunya aka ja mini kunne. Ma'aikaciyar jinyar ta ɗaga ƙaramin cokalin shayi ta nuna mini, ta ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada gishirin da babban mutum zai ci a yini ya kai giram 5, wato kusan cikin wannan cokalin, kuma dunƙulen da muke jefawa a miya shi ma yawancinsa gishiri ne. Na sunkuyar da kai, domin na san hannuna a kan gishiri, ban da dunƙule da kanwa.

Kwana biyu Malam ya daure ya ci miyar kuka lami, a na uku ya tura kwanon gefe ya ce ya ƙoshi. Bai yi mini faɗa ba, domin shi ba mai faɗa ba ne, sai dai na fara jin ƙanshin yaji da hayaƙi a jikin rigarsa duk yamma, na gane cewa idan ya taso daga gona bayan la'asar yakan biya wajen mai tsire a bakin titi. Gishirin da na rage a tukunya yana cin ninkinsa a cikin takarda. Magidanci kuwa ba yaro ba ne da za a tsare shi da tsawa, don haka na fahimci cewa abin da ke gabana shi ne wannan yunwar ta tsakanin la'asar da isha, wadda tuwo bai kai gare ta ba tukuna.

Ƙauyenmu yana kusa da Kadawa, a ƙasar Garun Malam, inda ruwan madatsar Tiga da aka kammala a 1974 yake biyo kwalbatoci ya shayar da gonakin rani. Mun taso mun ga tumatir kamar yadda wasu suka taso suka ga gero. A 2016 tsutsar nan da manoma suka sa wa suna sharon ta cinye gonar Malam ƙurmus, kamar yadda ta yi wa mutane da yawa a Kano da Jigawa da Katsina da Kaduna, amma a ranin da nake ba ku labari tumatirinmu ya yi kyau, kasuwa kuma ta faɗi kamar yadda ta saba faɗuwa idan kaya suka fito gaba ɗaya. Akwai ranar da ya kai kwanduna kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan ya dawo da kuɗin da da ƙyar suka biya mai mota. Saboda haka tsakar gidanmu ta cika da yankakken tumatir a kan tabarmi, muna yin kauɗa don damina.

A cikin wannan hali 'yar farina ta zo hutu daga makarantar koyon aikin lafiya da take yi a Kano. Ba zan faɗi sunanta ba, masu karatu sun san dalili, ƙannenta dai Yaya suke ce mata, ni ma da haka nake kewayewa. Wata rana da hantsi ina yanka tumatir ta zauna kusa da ni da wayarta, ta ce, "Umma, dubi abin da zai raba Baba da mai tsire." Ta nuna mini wani abinci mai faɗi kamar faifai da ake kira fiza, ta ce asalinsa daga birnin Nafoli ne na ƙasar Italiya, inda ake murza ƙullin alkama a shafa masa miyar tumatir, a zuba cuku da wani ganye ɗan'uwan ɗaɗɗoya, a gasa a tanda mai tsananin zafi. Na duba da kyau na ce mata wannan ai gurasa ce, ba ta da maraba da bandashen da ake sayarwa a birni da ƙuli-ƙuli da albasa da kabeji, sai dai su sun gasa tasu tare da kayan haɗin.

Ta ce wadda take nufi daban ce. Akwai mutanen da suka ƙaurace wa duk abin da ya fito daga jikin dabba, nama da kifi da ƙwai da nono da man shanu, har zuma ba sa sha, kuma tun a 1944 wani Bature mai suna Donald Watson da abokansa suka kafa ƙungiyarsu a Ingila. A cikinsu kuma akwai waɗanda suka ƙara wa kansu sharaɗin cewa abincinsu ba zai ga wuta ba, ba sa yarda zafinsa ya wuce digiri 48, don haka maimakon tanda suna da na'urar lantarki mai hura iska mai ɗumi, wadda takan yini tana busar da ƙullin. Inna, mahaifiyar Malam, tana zaune a inuwar ɗaki tana jan carbi, sai ta ce, "Allah ya halatta musu nama sun haramta wa kansu, mu kuwa talauci ya riga su yi mana wannan hukunci." Muka yi dariya, amma maganarta ta zauna mini, domin gaskiya ne a gidanmu nama sai sallah ko suna, kuma wutar lantarki baƙuwa ce a wajenmu, rana kuwa ga ta nan a kanmu kyauta, wadda a bazara zafinta yakan kai digiri 40.

Gwajin farko ya lalace, kuma laifina ne. Na daka ɗanyar gyaɗa na kwaɓa, na yi ta da kauri kamar waina, na shanya. Samanta ya bushe, cikinta ya yi tsami, ga gafin ɗanyar gyaɗa da ke kama maƙogwaro. Kaji ma sai da suka yi shawara kafin su tsattsage ta.

A karo na biyu na ajiye wayar gefe na yi tunani irin na mai tukunya. Na ɗebo gwangwani biyu na riɗin da ƙanin Malam yake kawo mana daga wajen Gumel, na jiƙa shi, na murje, na rege shi sau uku har yashi da ɗacinsa suka fita. Na jiƙa aya gwangwani biyu ta kwana, aka markaɗa, na tace madararta na ajiye, dusar da a da kaji muke zuba wa ita ce ta zama gari. Na goga karas uku, na cire ƙwallon dabino biyar na jiƙa su, na haɗa duka a turmi na kirɓa. Abin da ya rage shi ne abin da zai riƙe ƙullin kada ya wargaje, domin Yaya ta ce su can suna amfani da wani iri da yake yin yauƙi idan ya sha ruwa, wanda ba mu da shi. Da na ji kalmar yauƙi sai na miƙe na ɗauko garin busasshiyar kuɓewa, na zuba cokali ɗaya, kuma a nan take ƙullin ya haɗe kamar an ɗaure shi. Har yau idan na tuna nakan ji daɗi, domin wannan dabarar ba ta cikin wayar kowa.

Na shafa ɗan mai a babban faranti, na baza ƙullin da bayan cokali har kaurinsa bai wuce na kwali ba, sannan na sa bakin kofi na yanka shi da'ira-da'ira, kowace kamar tafin hannun yaro. Na ɗora farantin a rufin kwanon ɗakin girki, na kafa tsinke huɗu na lulluɓe da yankin tsohon gidan sauro da na wanke, saboda ƙuda da ƙura. Lokacin ƙarshen hunturu ne, iska a bushe take ƙayau, kuma ita ce take yin rabin aikin. Da azahar na juya su, da magariba na shigar da su ɗaki saboda raɓa, washegari na sake fitarwa. Kafin la'asar ta biyu na karya ɗaya na ji ta ce ƙaras, na san ta yi.

Miyar ba ta ba ni wahala ba. Na jiƙa tafi ɗaya na kauɗar da na shanya da hannuna, ba ta kasuwa da ake bazawa a ƙasa a gefen titi ba, na niƙa ta a dutse tare da tattasai ɗaya da tafarnuwa da ɗanyar citta da ganyen ɗaɗɗoya, na sa dabino ɗaya don ya kashe tsami. A nan na gano abin da shekaru ina girki ban lura da shi ba, wato tumatir idan ya bushe ruwansa ne yake tafiya, ɗanɗanonsa kuwa taruwa yake yi, har harshe ba ya cika neman gishiri. A madadin cuku na niƙa riɗi ya yi laushi, na dama shi da madarar ayar nan da ruwan lemon tsami har ya yi kamar kindirmo. Sai yankakkiyar albasa da ɗanyen tumatir da kokwamba da koren tattasai a sama. Ba a haɗawa sai za a ci, in ba haka ba gindin ya jiƙe ya saki.

Wurin da Yaya ta tsananta mini shi ne wanki, kuma na ba ta gaskiya. Kayan lambunmu da ruwan kwalbati ake ba su, inda ake wanki dabbobi kuma suke sha, sannan wutar da ta saba kashe mana ƙwayoyin cuta ba ta cikin wannan girki. Da ruwan burtsatse muka wanke komai sau uku, muka fere karas da kokwamba, muka wanke hannu da wuƙa da sabulu. Ta kuma sa na tsince riɗi da aya, duk ƙwayar da ta canja launi ko take warin fumfuna na zubar, domin fumfunar da ke kama gyaɗa da masara da irinsu tana da gubar da ke lalata hanta.

Da Malam ya dawo na shimfiɗa masa tabarma na ajiye farantin. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "Uwar gida, yanzu kuma akuya aka mayar da ni?" Yaya ta durƙusa ta ce, "Baba, ka ɗanɗana ko ɗaya ce, ni na roƙa." Kunyar 'yarsa ta sa ya ɗauka, amma ta biyu da ta uku ba kunya ce ta sa shi ba. Da ya gama ya sha ruwa ya ce abin ba laifi, sai dai akwai abin da ya rasa, kamar miyar da aka manta da wani abu a cikinta.

Na san abin da yake nufi, washegari na daka daddawa kaɗan na sa a miyar. Yaya ta ce na karya ƙa'ida, domin kalwa sai an dafa ta kafin ta zama daddawa, don haka abincin ya tashi daga ɗanye. Na ce mata ni ban shiga ƙungiyar kowa ba, kuma likita gishiri ya hana mahaifinta, bai hana shi wuta ba. Ita da kanta daga baya ta yarda cewa ba kowane abu ne ɗanyensa ya fi ba, tunda wake ba ya ciwuwa ɗanye, rogo mai ɗaci kuwa yana iya kisa idan ba a sarrafa shi ba, kuma akwai sinadarin da ke cikin tumatir wanda jiki ya fi samunsa idan an dafa shi da ɗan mai. Ta ƙara da cewa masu ƙaurace wa nama da nono gaba ɗaya sai sun riƙa shan ƙwayar bitamin B12, domin rashinsa yana kawo ƙarancin jini da lalacewar jijiyoyi. Na ce to furarmu da nono tana nan daram, wannan kuwa abin taɓawa ne na yamma. Inna, wadda haƙoranta suka ƙare, takan sa a yayyafa wa tata madarar aya ta yi laushi, kuma ita ce ta raɗa mata suna gurasar rana.

Haka muka yi wata biyu da wani abu. Duk ranar Asabar nakan shanya faranti uku, in adana busassun a gwangwani mai murfi, su kai mu mako. Ƙanshin tsire ya ɓace daga rigar Malam, kuma da muka koma awo aka ce jinin ya sauka, ko da yake ban ɗora wannan a kan gurasata kaɗai ba, tunda ƙwayoyinsa bai taɓa fashin sha ba.

Yaya ta koma makaranta, sannan hadari ya fara haɗowa daga gabas. Ruwan farko ya sauka da daddare, iska ta yi nauyi, farantin da na shanya ya kwana uku bai bushe ba. Ranar Laraba na buɗe gwangwanin na tarar da guda talatin ɗin da ke ciki sun yi fumfuna fari da kore, na haƙa rami a bayan gida na binne su don kada awaki su ci. Da la'asar Malam ya shigo ya zauna a tabarmarsa ya ce, "Ina gurasar rana?" Na ce masa ranar ce ta tafi. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya miƙe ya sa hularsa, ya jawo kekensa ya nufi bakin titi. Abin da ya faru a wannan daren, da yadda aka yi muka kwana a asibiti, shi zan kawo muku a mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.