Daidaita gidajen bargon ƙyallaye da zaɓen zirin tsakani

Sanyin Jos na watan Disamba da Janairu ya isa ya sa tela ya daina zubar da guntayen atamfa. Ana haɗa su gida-gida, kowane gida murabba'i, sannan a jera su a sami bargo mai nauyi da kyan gani. Inda aikin ya fi lalacewa shi ne tsakanin gama ɗinka gidajen da jera su. Mutum zai yi sati yana haɗa ƙyallaye, sai ya yi gaggawa a nan, bargon ya fito da kumburi a tsakiya, gefensa yana lanƙwasa.

A fara da guga kafin almakashi ya taɓa komai. Danna dutsen guga ake yi a ɗaga, ba a jan sa a kan gidan, domin duk ƙyallen da aka yanka a karkace yana miƙewa da an ja shi, balle in an yayyafa ruwa. Bayan nan a auna gidajen duka, ɗaya bayan ɗaya, ba uku ko huɗu ba. In ana son gida ya tsaya a inci 12 cikin bargo, to kafin a haɗa shi dole ya kai inci 12 da rabi, saboda ɗinki zai ci kwatan inci a kowane gefe.

Wanda ba shi da babbar rula mai murabba'i ya yanki kwali mai kauri daidai inci 12 da rabi, ya tabbatar kusurwoyinsa huɗu sun miƙe, ya ja layi biyu daga kusurwa zuwa kusurwa. Inda suka gitta nan ne cibiya, sai a huda ƙaramin rami. A ɗora ramin a kan cibiyar gidan, a zagaye da alli mai kaifi, a yanke. Daga cibiya ake awo, ba daga gefe ba. Wanda ya jingina kwalinsa da gefe ɗaya ya datse rarar duka daga ɗaya gefen, zanen gidansa zai goce, kuma ba zai gani ba sai an jera shi kusa da 'yan uwansa. Gidan da ke da tsini, irin mai tauraro ko dala, a duba cewa an bar kwatan inci cif tsakanin bakin tsinin da inda aka yanke. In ya gaza haka ɗinki zai haɗiye tsinin, tauraron ya koma dungu.

Gidan da ya gaza da rabin kwatan inci ba abin jefarwa ba ne: a sa masa alama da fil, a rage cin ɗinki a wannan gefen kaɗai. Wanda ya gaza da fiye da kwata gara a farke shi a sake. Kada a raina rabin kwatan nan in ya zama rara, domin a jeri mai gida biyar ya haura rabin inci, kuma shi ne yake sa jeri na biyu ya ƙi haɗuwa da na farko.

Zirin da ake sawa tsakanin gidaje kuwa, a ganina atamfa ba ta son kishiya. Gidajen sun riga sun cika da fure da launi, don haka zirin ya zama yadi marar zane, auduga mai kauri kusa da na atamfar. Yadin roba mai santsi yana zamewa ƙarƙashin ƙafar keke, kuma ba ya shiga wanki yadda auduga take shiga, sai bayan wankin farko a ga tattara a bakin kowane gida. Fari tas yana fito da launi, amma jar ƙurar hunturu ba ta barin sa. Baƙi kuma yana kwasar zare da gashin bargo. Shuɗi mai duhu, ruwan toka da ruwan ƙasa sun fi jure zaman ɗaki. In za a shiga kasuwar Taminus ta Jos sayen yadin, a tafi da gida uku ko huɗu a jaka, a shimfiɗa su a kan bandir ɗin, a ja baya taku uku a duba a hasken waje. A ɗauki hoto da waya a mayar da shi baƙi da fari: in zirin da gidajen sun narke sun zama toka iri ɗaya, a nemi wanda ya fi duhu ko ya fi haske.

A wanke yadin zirin kafin a yanka. Mai duhu a jiƙa shi cikin ruwan ɗumi tare da farin ƙyalle, in ƙyallen ya rine a ci gaba da ɗauraya har ruwan ya fito garau.

Ga lissafin katifa shida-da-shida, wato inci 72 kowane ɓangare. Gida 25, biyar a tsaye biyar a kwance, sun ba da inci 60. Ziri mai faɗin inci 2, layi shida har da na bakin waje, ya cike sauran 12. Ana yanka shi inci 2 da rabi a faɗi, 12 da rabi a tsawo, guda 60, da 'yan murabba'ai 36 masu inci 2 da rabi na mahaɗa, wato inda zirin tsaye da na kwance suke haɗuwa. A yadi mai faɗin inci 44, a fara datse gunta huɗu masu tsawon inci 12 da rabi, a tsaga ziri 16 daga kowanne ta bin tsawon yadin, wato gefen da ya fi ƙin miƙewa. Wannan ya ci inci 50, don haka a sayi yadi biyu saboda shigar wanki da kuskuren almakashi. Kwatan yadi ya ishi 'yan murabba'an. Wanda yake son bargon ya sauko gefen gado sai ya ƙara baki mai faɗi daga baya.

Ina fifita 'yan murabba'an mahaɗa a kan dogon ziri guda, domin su ne suke tilasta gidajen sama da na ƙasa su tsaya a layi ɗaya. Mai son dogon ziri ya sa alamar alli a inda kowane ɗinki zai faɗa kafin ya hau keke.

Wajen haɗawa, awo ake bi, ba gidan ba. Kada a ɗora dogon ƙyalle a ɗinke sannan a datse abin da ya yi saura, domin haka ne gefe yake yin tsawo. A kafa fil a farko, da tsakiya, da ƙarshe. In gidan ya ɗan fi zirin tsawo, a sa shi a ƙasa, haƙoran keke za su janye rarar a hankali. A kwantar da kowane ɗinki ya fuskanci zirin, ta yadda a mahaɗa ɗaya zai kalli dama ɗaya hagu su kulle juna, allura ta wuce ba tare da ta hau tudu ba.