Layin rawaya da ɗan jagora

Da na je Japan ƙaro karatu a fannin zanen gine-gine, abin da ya fara tsaya mini a rai shi ne wani layin rawaya mai gudaji-gudaji da ke shimfiɗe a gefen titi da tashoshin jirgin ƙasa. Ni duk a zatona ado ne. Wani abokin karatuna makaho ya ce ai hanyarsa ce: inda ƙafa ta ji dogayen layuka, a miƙe, inda ta ji ɗigo-ɗigo, a dakata, akwai mararraba ko matakala. Seiichi Miyake ne ya ƙirƙiro shi, aka fara shimfiɗa shi a birnin Okayama a 1967, kusa da wata makarantar makafi.

A hannun abokin nan na sha kunyata ta farko. Za mu tsallaka titi, na cafko damtsensa ina ja, irin yadda na saba gani a gida. Ya tsaya cak. Cikin ladabi ya ce in riƙa tambaya tukuna, kuma in yana so, shi zai kama gwiwar hannuna. Ran nan na kwana ina juya maganar.

A Kano ban taɓa ganin makaho a matsayin baƙo ba. Muna da Sarkin Makafi, da Sarkin Guragu, kurame kuma suna cinikinsu da maganar hannu a kasuwa, mai shayi ma ya iya 'yan alamu. Ba a gudun naƙasasshe, ana zolayarsa kamar kowa, ana cin tuwo kwano ɗaya da shi. Wannan kam ban same shi a can ba. A jirgi kowa idonsa na kan wayarsa. Sai dai mu titinmu ba ya gaya wa makaho komai, shi ya sa sai da ɗan jagora, yaron da ya kamata a ce yana aji. "Allah sarki" da sadakar naira hamsin ba sa rufe kwatar da ke buɗe a bakin hanya.

Na dawo ina ji da kaina, na ga duniya. Aikina na farko wani ƙaramin asibiti ne. A lokacin Shugaba Buhari ya riga ya sa hannu kan dokar hana nuna wa naƙasassu wariya, a Janairun 2019, wadda ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara. Na zana gangarar hawan keken guragu bisa ƙa'ida: kowane taku ɗaya na tudu, taku goma sha biyu na tsawo. Ɗan kwangila ya ga siminti zai tafi, ya gajarta ta, ni kuma ban leƙa ba sai da ta bushe.

Wani dattijo mai keken guragu ya zo, ya gwada sau biyu, keken na komowa da baya. Ya dube ni ya ce, "Injiniya, wannan ai ta awaki ce."

Na ce, "Baba, a yi haƙuri, za a gyara."

Ya ce, "Da ka kira ni kafin a zuba kankare, da ba a yi asarar ba."

Aka fasa, aka sake. Kafin a sake ɗin na roƙe shi mu zagaya ginin tare. Shi ya nuna mini ƙofar bayan gida ba ta cin kekensa, tagar karɓar kati kuma ta fi ƙarfin wanda ke zaune. Duka biyun ni na zana su da hannuna.