Godiya: na cire jar L, kati ya zo hannu

Assalamu alaikum jama'a. Daga Argungu nake wannan rubutu, a zauren gidanmu, kwana tara da saukata hutu. Jiya Juma'a bayan la'asar Inna ta sa aka ɗora tukunya biyu ta shinkafa aka raba wa almajirai da maƙwabta, wai sadakar lasisin tuƙin da na samu a Ingila. Tun daren jiya 'yan majalisarmu suke yi mini tsiya. Sun ce sun ga walimar aure, sun ga ta saukar karatu, ta lasisin mota ce dai ba su taɓa gani ba. Na bar su su dara. Bin mutane gida-gida ba zai yiwu ba a ɗan hutun nan, shi ya sa na ce bari in fito fili in gode wa waɗanda suka tsaya mini, in kuma faɗa wa masu dariya abin da katin nan ya ci.

Na tafi Ingila aikin jinya a watan Satumba 2022, aka ajiye ni a wani gari gefen Mancesta. Kafin nan na shekara 13 ina tuƙi. Tun ina makaranta nake ɗaukar motar Kawu in kwaso albasa daga Aliero in kai Jega, ko in bi ta Koko in gangara Yauri, da rana da dare, ko akuya ban taɓa gogewa ba. Dokarsu ta yarda baƙo ya yi tuƙi da lasisin ƙasarsa wata 12 daga ranar da ya zama mazauni. Bayan nan, in ƙasarku tana cikin waɗanda suke musayar lasisi da su, sai ka aika naka ta gidan waya su aiko maka da nasu. Afirka ta Kudu tana ciki, Zimbabuwe tana ciki, Najeriya ba ta ciki. Akwai wata abokiyar aikina 'yar Zimbabuwe da fakin ma sai mun fito mun duba mata, ita takarda kawai ta cika. Ni kuwa, mai shekara 13, aka mai da ni ɗan koyo.

Laifin farko nawa ne, ba na kowa ba. Wata goma sha biyun nan na bar su suka wuce ina cewa akwai lokaci. Ranar da suka cika, mota tana ƙofar gida, makulli yana aljihuna, amma ba halin in motsa ta ni kaɗai. Na biya fam 34 aka ba ni koren katin 'yan koyo. Da shi dole ka manna jar L gaba da baya, dole kuma a samu wanda ya haura shekara 21, mai cikakken lasisi na aƙalla shekara uku, ya zauna gefenka. A haka hunturu ya same ni, ga iyali sun iso. A Disamba can rana tana faɗuwa tun kafin ƙarfe huɗu. Na sha tashi daga aikin dare in tsaya jiran bas, yatsuna ba sa ko iya latsa waya, ina tuna motar da na bari a gida raɓa ta daskare a gilashinta.

Jarrabawar kwamfuta ba ta ba ni wahala ba. Fam 23 ce, tambaya 50 ana son ka ci 43, sai gajerun bidiyo 14 da za ka riƙa latsawa da zarar ka hango haɗari na tasowa, a nan maki 44 cikin 75 ake nema. Na haye tashi ɗaya a Nuwamba 2023, sai kaina ya ƙara girma. Takardar shekara biyu take aiki, in ba ka ci ta kan titi ba kafin nan, ka koma farko.

Ta kan titi, sai da na jira wata biyar kafin in samu gurbi. Darasi biyu kacal na yarda na biya, shi ma don in samu motar malami ne. Ana yafe maka ƙananan kurakurai har 15, amma babba ɗaya ya isa ya kayar da kai. Ƙanana huɗu kawai na yi. Sai muka iso wani shataletale, na hango mota tana zuwa ta dama, na auna da ido irin yadda muke aunawa a Birnin Kebbi, na ga in na sa kai zai rage gudu. Ƙafata ba ta kai ga totur ba mai jarrabawa ya taka birkin ɓangarensa. Har muka koma bai ce mini komai ba sai hagu da dama.

Da na kira Inna na gaya mata, cewa ta yi, "Wagga wace irin ƙasa ta, da za a ce mutum da gemu nai bai iya tuƙi ba?" Ni ma a lokacin haka nake gani.

Tsakanin ta farko da ta biyu wani ɗan tsakiya a intanet ya karɓi fam 150 a hannuna, wai zai samo mini gurbi na kusa. Kuɗi na shiga ya toshe ni. Na bar shi da Allah. Ta biyun a Oktoba 2024 aka yi, ita ce ta fi yi mini ciwo, don ko minti biyar ba a yi ba na san na faɗi. An ce in tsaya gefen titi in sake tashi. Na duba madubi, na sa sigina, ban waiga ta kafaɗa ba. Ashe wata mai keke tana daidai wurin da madubi ba ya nunawa. Ban taɓa ta ba, amma sai da ta kauce. Ranar na shiga gida na ce wa uwargida na haƙura, a sayar da motar.

Nan godiyata ta fi nauyi. Ƙanena ne, ba tare da na sa shi ba, ya ɗauki wayarsa ya je tasha wajen Baba, tsohon direban da ya fara ɗora hannuna a sitiyari. Yanzu ido ya yi rauni, benci yake zama wajen 'yan kamasho. Baba ya bar ni na gama zuba ƙorafi a waya, cewa hannun hagu suke bi, sitiyari a dama, giya da hannun hagu. Sai ya ce, "Mu da munka ga canjin hannu za ka gaya ma wa?" Yana karen mota ranar Lahadi 2 ga Afrilu 1972, zamanin Gowon, da Najeriya ta bar hagu ta koma dama. Ya ce ubangidansa, wanda ya shekara ashirin yana jan babbar mota, tsumma ya ɗaura a hannun dama, ya kuma dawo da shi daga bayan mota zuwa gaba, ya ce duk abin da ya gani ya faɗa da ƙarfi. Jaki a dama, keke a hagu, rami a gaba. Wata guda suna haka, mutane na yi musu dariya a kowace tasha. "Hannu ba shi da wuya," in ji Baba, "girman kai ad da wuya. Ka zama karen motar kanka."

Haka na yi. Na koma wajen malamin tuƙi, wani dattijo ɗan asalin Pakistan, na biya darasi 22 a kan fam 35 kowane. Ranar farko da ya ji ina surutu ni kaɗai da Hausa ya tambaye ni ko addu'a nake. Da na yi masa bayani ya ce kada in daina, su ma suna koyar da irinsa. Shi ya nuna mini cewa mai jarrabawa ba ya ganin ƙwayar idona, sai ya ga kaina ya juya. Shi ya raba ni da ɗabi'ar hon. Shi ya fahimtar da ni cewa in mota ta haska maka fitila a can, galibi hanya ake ba ka, ba kamar nan da ake nufin gani nan tafe, kauce ba, kuma duk da haka ba a shiga sai ka duba da kanka. Mai tafiya a ƙasa ko tsaye yake a bakin mararraba yana jiran tsallakawa, tun gyaran dokarsu na 2022 shi ake fara ba hanya. Mai keke kuma a bar masa aƙalla mita ɗaya da rabi. Allah ya saka wa bawan Allahn nan, bai taɓa ɗaga mini murya ba.

Ta uku a Yuni 2025 ta faɗo, saura wata biyar takardar kwamfuta ta mutu. Na karanta lambar mota daga mita 20. Aka tambaye ni zurfin zanen taya, na ce milimita 1.6. Minti 20 ina bin na'urar nuna hanya, leɓɓana suna motsi: madubi, kafaɗa, yaro da kare a hagu, bas za ta tashi. A shataletale na tsaya har motar bayana ta ƙosa, ban motsa ba sai da dama ta yi fayau. Da muka dawo na kashe mota, matar da ke jarraba ni ta ɗan jima tana latsa allonta, ni kuwa gumi ya jiƙa mini riga a garin da ba zafi. Kuskure biyu, ƙanana. Ta karɓe koren katin ta miƙo mini takardar shaida. Na fita na ɓamɓare L ɗin da hannuna, duk da motar ba tawa ba ce, malam yana ta dariya.

Uwargida, ke kika hana a sayar da motar, ke kika riƙa jan yara a ƙafa zuwa makaranta cikin ruwa da iska ba ki taɓa yi mini gori ba. Allah ya bar mu tare. Ɗan'uwana na Talata Mafara, da kake tashi daga aikin dare ranar Lahadi ka zauna gefena muna zagaya unguwa kana gyangyaɗi, ba ka taɓa karɓar ko kuɗin shayi ba, na gode. Shugabar sashenmu da ta canza mini ranakun aiki har sau uku, da jama'ar masallacinmu masu rage mini hanya, da Kawu da ya fara amince mini da makulli, da Inna da ba ta fasa addu'a ba duk da tana ganin zalunci ake yi mini, Allah ya biya ku.

Ina kuma neman afuwar 'yan'uwan da suka turo buƙata a watannin nan suka ji ni shiru. Da darasi, da hayar mota ranar jarrabawa, da kuɗin jarrabawar titi fam 62 sau uku, da abin da ɗan damfara ya ci, kuɗin sun haura fam 1,400, kusan naira miliyan uku a canjin lokacin. Ba rowa ba ce. Har yanzu ma ban tsira ba, don sabon direba in ya tara makin laifi shida cikin shekara biyun farko, karɓe lasisin ake yi.

Shekaranjiya na kai wa Baba katin a tasha. Ya kusanto da shi ga ido, ya juya gaba ya juya baya, ya ce duk wahalar nan a kan ɗan kati ruwan hoda, hoton ma baƙi da fari? Ya zagaya da shi benci kowa ya gani, sannan ya ce in kai shi Birnin Kebbi ranar Litinin ya ji hannuna. Na ce to.

Talata ta sama zan koma in Allah ya yarda. Masu saƙo a kawo gida kafin Lahadi. Kuka, kuɓewa da yaji duk zan ɗauka, amma ban da kilishi da man shanu, ba a shiga da su.