Ƙayar da Baba bai ji ba

Talata, Argungu.

Da safe na je naɗe tabarmar Baba sai na ga ɗigon jini a kai. Na ce, "Baba, miƙo ƙafarka in gani." Ƙaya ce ta shige masa tafin ƙafa, wurin ya kumbura har ya fara ruwa. Ya ce, "Wallahi ɗiyata, ban ji komi ba." Wannan maganar ce ta kaɗa min hanji, ba jinin ba.

Shekara shida ke nan da aka ce yana da ciwon sukari, nau'i na 2, irin wanda jiki ke samar da insulin, sinadarin da ke daidaita sukari a jini, amma ba ya amfana da shi yadda ya kamata. Mahaifiyarsa ma ta yi fama da shi, abin yana bin jini, sai ƙiba da rashin motsa jiki su ƙara tunzura shi. Ɗan maƙwabtanmu nasa nau'i na 1 ne, jikinsa ba ya yin insulin sam, kullum sai allura, kuma saboda rashin wuta, kusa da randa uwarsa ke ajiye kwalbar. Yayata kuwa lokacin goyon ciki ya taso mata, ta haihu ya lafa.

Muka hau mota zuwa Birnin Kebbi. Aka gwada sukarin jininsa bai karya ba, 280. Likita ta ce daga 126 ma an shiga sahun masu ciwon. A nan Baba ya amsa cewa wata biyu ke nan da ya ajiye metformin, ƙwayar maganin sukarinsa, wai ya ji sauƙi, ya koma shan sassaƙe. Raina ya ɓaci, amma ban ce uffan ba, don na san kuɗin maganin yake tausaya mana.

Ta yi masa bayani a natse. Sukari in ya daɗe da yawa a jini, yana kashe jijiyoyin ji na ƙafa, ya kuma rage gudun jini, shi ya sa mutum zai taka ƙaya bai sani ba, ciwon ya ƙi warkewa har a kai ga yankewa. Haka yake cin ido da ƙoda a ɓoye. Ta ce, "Baba, ba warkewa ake yi a ajiye magani ba, lallaɓa shi ake yi."

Maganar abinci ce ta fi yi masa zafi. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa a fadamar shinkafa, a ce ya rage malmalar tuwo! Ba hana shi aka yi ba, sai dai a ƙara wake, zogale da kifi, fura kuma babu sukari.

An wanke ciwon, an ba shi magani, za mu koma ranar Juma'a. A hanya na saya masa takalmi rufaffe. Bayan isha'i na haska ƙafafunsa da fitilar waya, ina duba tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya, shi kuwa yana ta sa min albarka.