Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Daren da numfashin Malam ya canza

Makon jiya na tsaya a inda Yaya Babba ya hana maigidana Malam allurar insulin ta ciwon sukari. "Allura tana karya azumi, ruwan darbejiya ya ishe shi." Har yau maganar nan tana min yawo a kunne.

Azumin 2022 ne, watan Afrilu, garin Garwa na Kamaru ya yi zafi kamar tanda. Malam ya taka ƙusa a hanyar masallaci, bai ko ji ba, don ciwon sukari ya riga ya kashe masa jijiyoyin ƙafa. Ni ce na ga jini a silifas ɗinsa. Aka ɗaure da tsumma, aka ce ba komai.

Kwana huɗu da barin allura, sai amai da ciwon ciki, ga ƙishirwar da ko randa ya shanye ba ta tafiya. Cikin dare na ji numfashinsa ya koma mai zurfi da sauri, kamar wanda ya sha gudu, bakinsa na warin ruwan goge farce. Na ce, "Malam, ka gane ni?" Ido kawai ya juya.

A kan mashin muka kai shi asibiti, ɗanmu na riƙe da shi ta baya. Suka ɗaura masa ƙarin ruwa leda bayan leda, insulin ta jijiya, da potasiyum, ana awon sukari kowace awa. Likita ta ga Faransancina bai kai ba, ta koma Fillanci. Ta ce in jiki ya rasa insulin sai ya koma ƙona kitse, kitsen ya bar tsami a jini, kuma ƙafar da ta yi ruwa ita ta hura wutar. Da ta kwance tsumman nan, sai da na kau da kai.

Ruwan darbejiya ya ishe shi! Daga baya liman da bakinsa ya ce allurar ba ta karya azumi, kuma Allah ya ɗauke wa mara lafiya. Ina Yaya yake lokacin da na sayar da 'yan kunnen aurena?

Yatsu biyu aka yanke. Yanzu kullum bayan Isha'i ina haska masa tafin ƙafa da tocila, in tsane tsakanin yatsu, in kakkaɓe takalmi kafin ya sa. Ko tsakar gida ba ya takawa ba takalmi.

Yaya ya zo dubiya rana ta shida, da kankana a leda. Abin da na faɗa masa a bakin ƙofa, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.