Ƙawancen da Ya Mutu Ba Faɗa

Lokacin da nake koyon zanen labari, aikinmu na ƙarshen zango shi ne shafi shida a kan ƙawaye biyu da suka rabu. Na zage na zana rigima: cacar baki, fizgar ɗankwali, hawaye manya-manya kamar tsakuwa. Malamarmu ta jujjuya takardun ta ce, "Ke kuwa, aminiyarki ta firamare da kuka daina gaisawa, faɗa kuka yi?" Na yi tsuru-tsuru, don ko musu ba mu taɓa yi ba.

Washegari ta ara min Ghost World, zanen labari na Daniel Clowes, wanda ya fito a littafi guda a 1997. Enid da Rebecca sun gama sakandare a wani garin Amurka da ba a faɗi sunansa ba, aikinsu ke nan gararamba da yi wa mutane shaƙiyanci. Ban da baƙi da fari, launi ɗaya tak aka sa, shuɗi mai sirkin kore, kamar hasken talabijin a ɗakin da aka kashe fitila. Tun kafin in karanta kalma ɗaya kaɗaicin ya kama ni.

Suna samun saɓani, amma ba shi ya raba su ba. Enid na son barin garin ta zama wata daban, Rebecca kuwa ta kama aiki ta zauna. Shafukan ƙarshe na fi daɗewa a kai. Enid ta hango ƙawarta ta gilashin wani shago, ba ta shiga ba, ta wuce ta hau bas. Da ni ce a lokacin, wallahi sai na cika wurin da surutu, don ina tsoron kada mai karatu ya kasa ganewa. Ashe raina masa hankali nake yi.

Na yage nawa na sake. 'Yan mata biyu a tabarma ɗaya suna ɓarar gyaɗa, kafaɗa na gugar kafaɗa. Kowane shafi sai in ƙara faɗin yatsa ɗaya a tsakaninsu, in rage maganar, har ta koma "Ya gida?" da "Lafiya lau." A shafi na shida tabarmar ce kawai, da kwanon gyaɗa, da takalmi ƙafa biyu a bakin ƙofa.

Malama ta daɗe tana kallo, sannan ta ce in goge takalmin ma. Shi kam na ƙi.