Kwamfutar da ta ƙi tashi bayan ƙaura, kafin a ce a yi mata formataj

Duk lokacin da wani ofis ko shagon buga takardu ya canza wuri a Yamai, ko ma'aikaci ya samu canjin wurin aiki ya ɗoro kayansa daga Tawa ta hanyar Konni da Dogondutsi da Doso, akwai kukan da ba a rasa ji: kwamfutar tebur da aka kashe lafiya lau ta ƙi tashi a sabon wuri. Abin da na lura da shi a wannan aiki na gyara shi ne, da wuya a ce ƙaura ta kashe wani sashe na na'urar; mafi yawan lokaci wani abu ne ya saki saboda jijjigar hanya, ko kuma na'urar ta manta saitinta. Duk da haka shawarar farko da mai kwamfuta ke ji ita ce a yi mata formataj, wato a goge faifanta a sake girka Windows, alhali wannan ba ya mayar da wayar da ta zare, sai dai ya share takardun shekaru.

Kwamfuta tana tashi ne daki-daki. Da farko wuta ta shiga, sannan BIOS, ɗan shirin da ke fara aiki kafin Windows, ya duba ko ƙwaƙwalwar RAM da sauran sassa suna nan, sannan ya nemi faifan da tsarin Windows ke ciki, daga ƙarshe Windows ya karɓi ragama. Wurin da tafiyar ta tsaya shi ke nuna inda matsalar take, shi ya sa idan aka kira ni, tambayata ta farko ita ce: "Alhaji, da ka danna maɓallin, me ka gani, me kuma ka ji?"

Idan babu fitila kuma fanka ba ta juya ba, a duba wayar wuta da soket da ƙaramin makunnin da ke bayan akwatin, a kuma jona na'urar kai tsaye a bango ba ta cikin ondilair, na'urar ajiye wuta, ba. Abu ɗaya ne a nan ya cancanci tsayawa. Tsofaffin kwamfutoci na gwanjo, musamman waɗanda suka fito daga Amurka, suna da wani jan makunni a bayan akwatin wutarsu mai rubutu 115 a gefe ɗaya, 230 a ɗaya gefen. Wutar Nigelec bolt 220 ce, don haka dole ya tsaya a 230. Idan ya koma 115 aka jona, sai a ji ƙara da warin ƙuna, akwatin wutar ya tafi ke nan, ko da yake sau da yawa sauran sassan sukan tsira. Akwatin wutar da ya ƙone canza shi ake yi, ba a buɗe shi a gida, domin yana riƙe wuta a cikinsa ko bayan an zare waya.

Idan kuwa fanka tana juyawa amma allo baƙi ƙirin, a fara leƙa bayan akwatin. Kwamfutar da ke da katin hoto na daban, wato sashen da ke aika hoto zuwa allo, tana da mashigar waya iri biyu, ta sama da ta ƙasa, kuma wanda ya sake haɗa kayan cikin gaggawa yakan soka wayar allo a ta sama, wadda galibi ba ta aiki muddin katin yana ciki. In ba wannan ba ne, to zargina yana kan RAM. A zare wayar wuta, a danne maɓallin kunnawa na ɗan lokaci don ragowar wutar ta fita, a kwantar da akwatin a buɗe murfinsa. Kafin a taɓa komai a dafa ƙarfen akwatin da tafin hannu, musamman a lokacin hunturu da iska ke bushewa har mutum ya ji tartsatsi in ya taɓa ƙofar mota, domin wannan ɗan tartsatsin ya isa ya lalata sandar RAM. A tura ƴan maƙallan da ke riƙe da sandar waje, za ta ɗago da kanta. A riƙe ta ta gefe, a goge haƙoranta masu ruwan zinariya da abin goge fensir mai tsabta, a hure ƙurar da ke cikin ramin, sannan a daidaita tsagar da ke ƙasanta da ɗan tudun da ke cikin ramin, a danna da manyan yatsu biyu har a ji maƙallan sun kama da kansu. Sandar da ta shiga rabi, a ido kamar ta zauna, amma na'urar ba za ta gan ta ba. Idan sandunan biyu ne, a gwada su ɗaya bayan ɗaya. RAM iri-iri ce: kada a tilasta wa sandar DDR3 shiga ramin DDR4, tsagarsu ba wuri ɗaya take ba.

Tun da murfi yana buɗe, a danna babbar wayar wuta mai haƙora 24 da ƙaramar mai haƙora 4 ko 8 da ke kusa da ƙwaƙwalwar sarrafawa, a kuma girgiza ƙarfen sanyaya da ke kanta a ji ko yana motsi. Na'urar da ke tashi sannan ta mutu bayan ɗan lokaci sau da yawa wannan ƙarfen ne ya saki, kuma a zafin Afrilu na Yamai, da ma'auni ke haura digiri 40, ba ta da haƙurin minti biyar a haka.

Wani lokaci tambarin Dell ko HP yakan bayyana, sannan a ga rubutu cewa ba a samu faifan tashi ba. Faifan yana da waya biyu, siririyar SATA mai ɗaukar bayanai da ta wuta, kuma siririyar tana zarewa cikin sauƙi. A shiga BIOS, da F2 a Dell ko F10 a HP, a ga ko sunan faifan yana cikin jerin. Idan aka ji faifan yana ƙas-ƙas a jere, a kashe na'urar nan take: faifai irin na da galibi yana juyawa sau 7200 a minti, allurarsa na shawagi dab da fuskarsa, kuma kowane sake kunnawa ƙara masa rauni yake yi.

Matsalar da ta fi ruɗar mutane, wadda kuma aka fi yin formataj a banza saboda ita, ta wani ɗan pil ce mai kama da kwabo, CR2032 mai bolt 3, da ke manne a babban farantin na'urar. Shi ke riƙe agogo da saitin BIOS idan babu wuta. Muddin waya tana jone a bango, akwatin wuta yana ɗan ciyar da farantin ko da an kashe kwamfutar, don haka pil ɗin na iya mutuwa ba wanda ya sani. A gaskiya a garinmu, da ɗauke wuta ba baƙon abu ba ne, yakan yi gargaɗi tun da wuri: agogo ya riƙa ɓacewa, na'urar ta riƙa neman a danna F1, sai dai mutane sun saba su danna su wuce. Ranar ƙaura, da aka zare waya ta kwana a mota, sai saitin ya koma na masana'anta. Kwanan wata ya koma shekaru baya, tsarin magana da faifai ya sauya tsakanin AHCI da RAID ko IDE, ko hanyar tashi ta sauya tsakanin UEFI da Legacy. Windows da aka girka a tsari ɗaya ba ya gane faifansa a ɗaya tsarin, sai ya nuna shuɗin allo mai rubutu INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE, ko lamba 0x7B a Windows 7; in kuwa hanyar tashi ce ta sauya, galibi na'urar cewa take yi ba ta samu faifan tashi ba. Takardun suna nan daram ba abin da ya same su. A sa sabon pil, a gyara kwanan wata, a mayar da saitin yadda yake, in ba a tuna ba a gwada ɗaya sannan ɗayan, sai na'urar ta tashi.

Lamarin ya ɗan bambanta idan faifan aka cire aka kai wata kwamfutar. Windows 10 da 11 galibi sukan daidaita kansu da sabbin sassa, Windows 7 kuwa yakan turje. Idan an kulle faifan da BitLocker, tsarin kulle faifai na Windows, zai nemi mabuɗi mai lambobi 48, wanda sau da yawa yana ajiye a asusun Microsoft na mai na'urar, kuma babu mai gyaran da zai buɗe shi ba tare da wannan mabuɗin ba. Ko me za a yi daga baya, in faifan ba a kulle yake ba, ni nakan fara kwafe takardun zuwa wani faifai ta hanyar tayar da na'urar da Linux, wani tsari dabam da Windows, daga kile ta USB.

Wanda bai riga ya tashi ba, ya ɗauki hoton shafukan BIOS da na wayoyin bayan akwatin da wayar salularsa, ya kwafe muhimman takardu, ya cire katin hoto idan mai nauyi ne ya naɗe shi daban. Akwatin kuma a kwantar da shi a kan bargo a cikin mota, babban farantin yana ƙasa, kada a tsayar da shi tsakanin buhuna a bayan a-kori-kura.